WA AKA ƘIRGA, WA AKA BARI A ƊAKI?



'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau da laifin kaina zan fara, domin mai wa'azin da ba ya iya faɗin kuskurensa bai cancanci ya faɗi na wasu ba.

Wasu shekaru da suka wuce, wasu masu binciken lafiya suka zo unguwarmu a nan Faskari. Suna auna hawan jini da ciwon suga, suna yi wa mutane tambayoyi suna rubutawa. Suka bi ta hannun mai unguwa, shi kuma ya ce in yi sanarwa a masallaci. Bayan sallar Isha'i na ɗauki lasifika na ce gobe da hantsi kowa ya hallara a ƙofar gidan mai unguwa. Na ƙara da nasiha cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Washegari aka cika. Aka auna mutane, aka rubuta shekarunsu, da sana'arsu, da matakin karatunsu, da yawan iyalinsu. Da la'asar baƙi suka naɗe takardunsu suka kama hanyar Funtuwa.

Bayan kwana biyu na je gai da wani dattijo makaho da muke sahu ɗaya da shi kafin ƙafa ta hana shi fitowa. Muna gama gaisawa sai ya ce, "Malam, na ji an zo ana awon jini. Mu ba mu da jinin ne?"

Na ce, "Haba Baba, ai gani muka yi kada a wahalar da kai."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, da wa kuka yi shawarar?"

Wallahi ban sami amsa ba. A hanyar komawa gida na shiga lissafi. Akwai kurma a bayan gidanmu, matar aure mai 'ya'ya. Da lasifika na yi sanarwa, ta yaya za ta ji? Hausawa suka ce in kunne ya ji jiki ya tsira. To ita fa? Akwai saurayin da shan inna ta shanye wa ƙafafu, wanda kwatar da ke gaban gidansu ba ta barin kekensa ya wuce. Akwai tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, kuma abin da aka zo aunawa ɗin nan, hawan jini, yana cikin manyan abubuwan da ke jawo irin ciwonta. Akwai yaron da ke farfaɗiya wanda iyayensa ba sa son a san da shi. Babu ko ɗaya daga cikinsu a takardar baƙin nan. Amma in rahoto ya fito, cewa za a yi ga halin lafiyar mutanen unguwa kaza.

Tun daga ranar nake juya wannan mas'ala: barin nakasasshe a wajen binciken lafiya tausayi ne ko zalunci? In kuma an saka shi, mene ne tabbacin ba cutarsa za a yi ba?

Bari mu fara da abin da aka sani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2022, ta kiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tsanani, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya cikin shida. Ta ce wasunsu kan riga sauran jama'a mutuwa da abin da ya kai shekara 20, kuma da yawa daga wannan tazara ba nakasar ce kanta ke kawo ta ba, rashin samun kulawa daidai da kowa ne. Tun a rahotonta na 2011 ta nuna nakasa ta fi yawa a cikin mata, da tsofaffi, da matalauta.

A nan gida Nijeriya kuwa, rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006. Babban binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya yi tambayoyi shida a kan gani, da ji, da tafiya, da riƙe abu a ƙwaƙwalwa, da iya yi wa kai wanka da sa tufafi, da iya isar da magana. Ya samu kusan kashi 7 cikin 100 na 'yan shekara biyar zuwa sama suna da wata wahala a ɗaya daga cikin waɗannan, kusan kashi 1 kuma wahalarsu mai tsanani ce. Ma'aunin ba ɗaya ba ne da na Hukumar Lafiya ta Duniya, don haka ba a sa ran adadin ya zo daidai. Amma ku lura da abu guda: a irin wannan tambayar, mutum ɗaya ne a gida ke amsawa a madadin kowa. Ni da ku mun san gidajenmu. Magidanci nawa ne zai gaya wa baƙo mai riƙe da biro cewa 'yarsa da ake neman aure tana faɗuwa?

Yanzu mu dubi su wane ne ke samun shiga in an ce yau da nakasassu za a yi bincike. Hanya mafi sauƙi ga mai bincike ita ce ya nemi Sarkin Makafi ko Sarkin Guragu ko shugaban ƙungiya, a tara masa mutane a sakatariya ko harabar asibiti. Ba laifi ba ne, waɗannan sarautu sun daɗe suna riƙe da jama'arsu. Amma wa zai zo? Abin da idona ya sha gani shi ne: namiji ne, mai matsakaicin shekaru, mazaunin cikin gari, mai waya, mai bakin magana, wanda ya saba shiga taro. Matar kulle ba ta nan. Tsohon da ba ya tashi ba ya nan. Kurma, in ma ya zo, babu mai fassara masa, sai dai ya bi jama'a da ido. Mai taɓin hankali kuwa tun daga takardar sharuɗɗa aka cire shi, da hujjar ba zai iya ba da amincewa ba. Ka ga ko a cikin waɗanda aka ware, akwai waɗanda aka sake warewa.

Mu kuma a wannan yanki na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa muna da ƙarin wata musiba. Duk wanda ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Mairuwa da Sheme da Yankara ya san halin da ƙauyukan gefen daji suka shiga. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, amma ba ta ji labarin waɗanda harsashi ya bar su da sanda ba, ko waɗanda firgici ya taɓa wa hankali. Rashin tsaro yana ƙara yawan nakasassu, kuma shi ne dai yake hana ma'aikacin lafiya shiga ya ƙirga su. In an tashi gudun hijira cikin dare, mai ƙafa ne ke isowa gari. Wanda ba ya iya gudu fa, a littafin wa sunansa yake?

Wani zai ce, Malam, to mene ne a ciki? Takarda ce fa kawai. A'a ɗan uwa, ba takarda ce kawai ba. Da waɗannan alƙaluma ake yanke yawan maganin da za a aiko, da inda za a gina asibiti, da irin ma'aikatan da za a horar. In rahoto bai nuna akwai kurame masu juna biyu ba, babu wanda zai yi tunanin ajiye mai maganar hannu a ɗakin awo. In bai nuna masu farfaɗiya ba, maganinsu ba zai zo kantin asibitin ƙauye ba. In an gwada sabon tsarin wayar da kai a kan masu gani da ji kaɗai, sai a ce ya yi nasara, alhali makaho bai ga allon ba, kurma bai ji rediyon ba. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi masa kaso.

Amma kada mu yi gaggawa, domin ɗaya ɓangaren ma yana da hujja mai nauyi, kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa saninta. A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke, ta kashe mutane fiye da 10,000 a ƙasar nan. A asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Me ya biyo baya? Da aka zo 2003 aka fara jita-jita a kan allurar shan inna, labarin Kano yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa kafa hujja da su. Aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka ƙasashen waje. Sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Da yawa daga samarin da muke gani yau a kan kekunan guragu 'ya'yan waɗancan shekarun ne. Dubi yadda yarda ɗaya da ta karye ta haifar da nakasa sau biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ba za ka zarge shi ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, a wata makarantar yara masu raunin ƙwaƙwalwa da ake kira Willowbrook a jihar New York, an shafe shekaru daga wajen 1956 ana saka wa yara ƙwayar ciwon hanta da gangan don a yi nazarin cutar. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa aka tsaurara dokokin bincike a duniya. Sai dai tsaurarawar ta zo da nata illar: mai bincike ya ga hanya mafi sauƙi ta kauce wa zargi ita ce ya cire nakasasshe gaba ɗaya. Da ana cutar da su ta hanyar amfani da su, yanzu kuma ta hanyar mantawa da su.

To ina mafita? Ni dai da na koma Sira sai na ga an riga an share mana hanya.

Kowa ya san dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Manzon Allah (SAW) yana tare da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), makaho, ya zo yana neman a sanar da shi. Aka ɗan jinkirta shi saboda wata maslaha da ake gani babba ce. Allah Maɗaukaki Ya saukar da ayoyi a kan wannan, muna karanta su a sallah har gobe. Abin lura, babu wanda ya zagi Ibnu Ummi Maktum, babu wanda ya kore shi. Jinkirta shi kawai aka yi don waɗanda ake ganin sun fi tasiri. Wannan shi ne ainihin uzurin mai bincike: lokaci kaɗan ne, kuɗi kaɗan ne, bari mu fara da masu sauƙin samu. Daga baya wannan sahabi ya zama ladanin Manzon Allah (SAW), kuma an sha barin sa ya ja ragamar Madina in an fita yaƙi.

Sai ƙissar Itbanu ɗan Malik (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim. Ganinsa ya yi rauni, in an yi ruwa kwari ya cika ba ya iya zuwa masallacin mutanensa. Ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya zo gidansa ya yi sallah a wani wuri da zai riƙe a matsayin wurin sallarsa. Ba a ce a ɗauko shi a kawo shi ba. Manzon Allah (SAW) ne ya taka, tare da Abubakar (RA), har cikin gidan, kuma ya tambaye shi inda yake so a yi sallar. Mai lalura ake zuwa wa, kuma shi ake tambaya.

Ta uku ita ce ta fi taɓa ni. Ibnu Abbas (RA) ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abu Rabah wata baƙar mace ya ce 'yar Aljanna ce. Tana fama da farfaɗiya, in ta faɗi tufafinta kan yaye. Ta zo da bakinta ta nemi addu'a. Manzon Allah (SAW) ya shimfiɗa mata zaɓi biyu, haƙuri da sakamakon Aljanna ko addu'ar samun lafiya, ya bar mata hukuncin. Ta zaɓi haƙuri, sannan ta ƙara da nata sharaɗin, a roƙa mata kada ta riƙa yayewa, aka kuwa roƙa mata. Bai ce a kira mijinta ko ɗan uwanta ya zaɓa mata ba. An yi mata bayani, ta fahimta, ta zaɓa, an kare mutuncinta. Abin da masana ke kira amincewa bayan fahimta ke nan, ƙarnoni da yawa kafin a rubuta shi a dokar Nuremberg ta 1947. Shi kansa Aɗa'u da ya ruwaito ƙissar gurgu ne, ya makance a ƙarshen rayuwarsa, kuma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa.

Ƙirga mutane ma ba baƙon abu ba ne a addini. Huzaifa (RA) ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa a rubuta masa waɗanda suka furta Musulunci, aka rubuta 1,500. Umar (RA) ya kafa diwani don a san kowa da haƙƙinsa. Malaman tarihi sun ambaci cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya ware wa makaho ɗan jagora, ya ware wa wanda ba ya iya tashi mai hidima, ya yanka wa kutare abin masarufi don kada su yi bara. Yaya za a yi haka in ba a san yawansu da inda suke ba?

Batun amincewa kuwa, fiƙihu bai bar mu a duhu ba. Malamanmu sun tabbatar cewa ishara ta bebe da ake fahimta tana tsayawa a matsayin maganarsa a ciniki da aure da saki. In shari'a ta yarda kurma ya ɗaura aure da hannunsa, wane ne zai ce ba zai iya cewa e ko a'a ga awon jini ba? Abin da ya rage a nemo mai fassara, kuma akwai su: kurame suna da maganar hannu tasu, 'yan gidansu sun iya, akwai kuma makarantar kurame a Malumfashi nan kusa da mu. Makaho a karanta masa takarda da Hausa a gaban wanda ya yarda da shi kafin ya dangwala. Wanda hankalinsa ya gushe kuwa, an ɗauke masa alƙalami, waliyyinsa ne ke tsaya masa. Amma waliyyi ba mai mallaka ba ne, mai riƙon amana ne, kuma duk abin da zai yi sai ya zama maslahar wanda yake riƙo. Ba halal ba ne ka miƙa ƙaninka ga gwaji saboda kuɗin mota da za a ba ka. Haka kuma ba halal ba ne ka ɓoye shi a ƙuryar ɗaki saboda kunyar surukai, alhali ana rabon abin da zai amfane shi. Kuma ko mai raunin hankali, in ya nuna ba ya so, a ƙyale shi.

Saboda haka amsar da na tsaya a kai ita ce: tausayin da ke yanke wa mutum hukunci ba da saninsa ba, ba cikakken tausayi ba ne. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Abin da na yi wa Baba na ɗauka jin ƙai ne, ashe sauƙin kaina na zaɓa na lulluɓe shi da sunan jin ƙai. Haƙƙinsa ne a je, a yi masa bayani, ya ce na yarda ko ban yarda ba. In ya ƙi, ya yi amfani da haƙƙinsa. In ba a tambaye shi ba, an danne masa shi.

Dokar ƙasa ma tana wannan ɓangaren. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, wadda ta hana gwajin likitanci a kan mutum ba da yardarsa ba, ta kuma wajabta wa gwamnatoci tattara alƙaluma a kansu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Amma doka tana Abuja, kwatar da ta hana keken yaron nan wucewa tana unguwarmu.

Ga nasihata. Ku 'ya'yanmu da ke karatun likita da aikin jinya da lafiyar al'umma, a Shika ko Katsina ko Kano, in kun zo rubuta sharuɗɗan bincike, kafin ku cire wani rukuni ku tambayi kanku: don kare shi na cire shi, ko don kare lokacina? In dole ta sa ba ku kai ga wasu ba, ku rubuta ƙarara a rahoto cewa babu kurame a ciki, babu ƙauyukan da ba a iya shiga. Ɓoye wannan algus ne, kamar mai zuba hatsi mai kyau a saman buhu. Ku ɗauki mata ma'aikata da za su shiga gida. Ku zauna da su kansu masu lalurar tun kafin ku tsara tambayoyi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kun gama kuma ku dawo ku gaya mana abin da kuka gano.

Mu limamai da masu unguwanni, in baƙi sun zo, kafin mu ɗauki lasifika mu tambaye su: wa ya ba ku izini, ina takardar kwamitin da ya duba aikinku? Tambaya kawai za ku yi, ko jini za ku ɗiba, ko magani za ku bayar? In wani ya cutu wa zai ɗauki nauyi? Wanda ya ƙi shiga zai rasa wani abu? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In mun gamsu, to mu ne muka san gidajen da ke da wanda ba zai iya fitowa ba. Mu yi musu jagora har ƙofa.

Ku kuma iyaye, larurar ɗanku jarrabawa ce, ba abin kunya ba ce. In an zo ƙirga, ku faɗi gaskiya.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa Ya sa makancinsa ya zama sanadin Aljannarsa. Na nemi gafararsa tun yana raye, ya ce ya yafe, amma ya ce in wasu sun sake zuwa in fara da gidan kurmar nan, don ita ko labarin an zo ba ta samu ba. Na riƙe wannan a matsayin wasiyya.

Kai da ke karanta wannan, ka ƙirga gidaje goma daga ƙofar gidanka. Mutum nawa ne a cikinsu ba za su ji sanarwar masallaci ba, ko in sun ji ba za su iya zuwa ba? Ka san sunayensu?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya yafe mana haƙƙoƙin bayinSa da muka danne da saninmu da waɗanda ba mu sani ba. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.